Yadda ɗalibi zai yi sharhin gajeren fim, ya kuma nazarci shirin talabijin

'Yar yayana da ke karatun aikin jarida ta zo hutu nan Garwa, ta miƙo min takarda mai shafi biyu, ta ce, "Baffa, don Allah duba min kafin in kai wa malaminmu." Sharhi ne a kan wani gajeren fim na minti 11 da 'yan ajin gaba da su suka yi. Na karanta. Tun daga layin farko har kusan ƙarshe labarin fim ɗin ta sake bayarwa, wane ya je, wance ta ce, sannan ta rufe da cewa fim ɗin ya ƙayatar kuma ya ilimantar. Na tambaye ta sau nawa ta kalle shi. Ta ce sau ɗaya, a waya, tana taya goggonta tsinkar zogale.

Ban ga laifinta ba, domin babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda ake yi. Abin da muka yi kwana uku muna bi dalla-dalla ni da ita shi ne zan shimfiɗa a nan. Zan riƙa cewa "ka", amma har da ke nake. Ginshiƙin aikin duka ɗaya ne: duk hukuncin da ka yanke wa fim ko shiri, sai ka iya nuna mintin da ka samo shi, ka faɗi abin da ido ya gani ko kunne ya ji a wannan mintin. Wanda bai iya nunawa ba, ra'ayinsa kawai ya faɗa, kuma ra'ayi ko a teburin mai shayi ana samunsa kyauta.

Kafin ka danna kallo

Fara da sanin abin da ke hannunka. Ma'aunin gajeren fim ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Faransa duk fim ɗin da bai kai awa ɗaya ba gajere ne. Masu ba da kyautar Oscar a Amurka sun tsayar da iyaka a minti 40. Gasar gajerun finafinai ta bikin Cannes kuwa ba ta karɓar wanda ya wuce minti 15. Kada kuma ka raina shi don gajartarsa. A bikin finafinan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu tun 1969, gajeren fim yana da kyautarsa ta kansa. Mahamat-Saleh Haroun na maƙwabciyarmu Cadi, wanda ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 2010, da gajerun finafinai ya fara kafin ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko a 1999. Ɗalibin da kake kallon aikinsa yau, a irin wannan tsanin yake.

A saman shafin farko na littafinka rubuta sunan fim, sunan mai ba da umarni, shekarar da aka yi shi, tsawonsa, garin da aka ɗauke shi, da harsunan da ake magana da su a ciki. Kwafi sunayen daga jerin da ke fitowa a ƙarshen fim ɗin, harafi da harafi.

Sauke fim ɗin a waya ko kwamfuta tun da wuri, ka cika batir, don kada ɗaukewar wuta ko tsinkewar intanet ta raba maka kallo biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi abin sauraro na kunne, ko na aro ne. Sannan ka rubuta a kan me ka kalla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu: gidajen silima uku na ƙarshe a Kamaru, Abbia na Yawunde da Wouri na Duwala da Empire na Bafusam, an rufe su a Janairun 2009, sai a 2016 aka buɗe wani sabo a Yawunde. Yawancinmu a nan arewa a tafin hannu muke kallon fim. Idan ka ce hoton dare ya yi duhu, wanda ya yi fim ɗin yana da haƙƙin ya tambaye ka ko a waya mai fasasshen gilashi ka kalla, a tsakar gida da rana tsaka.

Kallo na farko

Ajiye biro. Kalli fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, kamar kowane ɗan kallo. Yana ƙarewa ka rubuta abu biyu kacal: jimla ɗaya da ta faɗi a kan me fim ɗin yake, da wurin da zuciyarka ta motsa ko ta gaji. Fim ɗin da 'yar yayana ta kawo labarin wani ɗan moto ne, wato mai ɗaukar fasinja a babur, da wata fasinja ta manta da waya a hannunsa, wayar tana ta ƙara, shi kuma yana da bashin kuɗin maganin mahaifiyarsa. Jimlarta ta farko ta kai layi shida. Na ce ta rage. Da ƙyar muka iso ga: "Ɗan moto mai bashi ya wuni da wayar da ba tasa ba." Idan jimla ɗaya ta ƙi samuwa, ko dai ba ka fahimci fim ɗin ba tukuna, ko kuma shi kansa bai san inda ya dosa ba, kuma kallo na biyu ne zai raba gardama.

Kallo na biyu, wanda shi ne ainihin aikin

Ja layi biyu a shafi ya zama gida uku: lokaci, abin da na gani, abin da hakan ya haifar. Yanzu za ka riƙa tsayar da fim ɗin kana komawa baya. Fim na minti 11 zai iya cin awa ɗaya da rabi, kada ka yi mamaki.

Fara da raba shi fitowa-fitowa. Duk inda wuri ko lokaci ya sauya, sabuwar fitowa ce. Rubuta mintin da ta fara da wanda ta ƙare. Da ka gama za ka ga ƙashin bayan fim ɗin a shafi guda, ka ga inda aka kashe lokaci. A namu misalin, fitowa 9 ce, amma hirar ɗan moton da abokinsa a gindin darbejiya ita kaɗai ta ci minti 3 da rabi, kusan kashi ɗaya cikin uku na fim ɗin, kuma babu abin da ya sauya a cikinta. Ka ga a nan an samu hujja. Maimakon ka ce "fim ɗin yana da jan jiki", sai ka ce daga minti na 4 zuwa na 7 da rabi labari ya tsaya cik.

Daga nan sai ƙirgen yanka. Abin da kyamara ta nuna daga yanka zuwa yanka, wanda a aji ake ce wa plan da Faransanci, ni ɗauka nake kiransa. Sake kunna fim ɗin kana ɗiga biro a takarda duk lokacin da hoto ya yanke. Mayar da tsawon fim zuwa sakan ka raba da yawan ɗaukar. Minti 11 sakan 660 ne. Idan ka ƙirga ɗauka 132, kowace tana ɗaukar sakan 5 a matsakaici. Lambar ita kaɗai ba ta yabo ba ta zagi. Amfaninta shi ne ka gane wuraren da aka kauce mata. Idan ana tafiya sakan biyar-biyar sai kwatsam kyamara ta tsaya a fuskar uwa sakan 25 ba yanka, to da gangan aka yi, kuma aikinka ne ka faɗi ko tsayawar ta biya.

Duba nisan kyamara daga mutum. Akwai ɗaukar nesa da ke nuna wuri gaba ɗaya, kamar gadar Binuwai da mutum ɗaya a kanta kamar tururuwa. Akwai ta tsakiya, daga ƙugu zuwa sama. Akwai ta kusa da ke cika allo da fuska. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce wa aka matsa kusa da shi, kuma yaushe. Mutumin da kyamara ba ta taɓa matsawa kusa da shi ba, ɗan kallo ba zai tausaya masa ba ko da kuka yake. Duba kuma tsayin kyamara: daga ƙasa tana ƙara wa mutum kwarjini, daga sama tana ƙanƙantar da shi.

Akwai wata ƙa'ida da masu koyo suka fi yawan takawa. Idan mutum biyu suna magana, ka ɗauka akwai igiya miƙe a tsakaninsu. Kyamara za ta zauna a gefe ɗaya na igiyar har a gama hirar. Ita ce ƙa'idar digiri 180. Idan aka tsallake, sai ka ga dukansu suna duban ɓangare ɗaya, kamar ba da juna suke magana ba. Ɗan kallo ba zai san sunan kuskuren ba, amma zai ji wani abu ya kwance masa. Kai kuwa ka san sunansa, sai ka rubuta mintin.

Haske kuma a ƙasarmu yana da nasa hukunci. Ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu, idan aka ɗauki hoto da tsakar rana, tana zuba inuwa a kwarmin ido, ta ƙone farar riga har ɗinkinta ya ɓace. Idan aka daidaita kyamara don rigar, fuskar baƙin mutum sai ta nutse. Lura ko masu fim ɗin sun san haka sun nemi hantsi ko la'asar, ko sun shiga inuwa. Hazon hunturu yana tausasa haske ya kashe launi. Wani ya san amfaninsa, wani kuwa faɗa masa kawai ya yi.

Abu na ƙarshe a wannan zagaye shi ne jeri, wato me aka sa bayan me. Wajen 1920 wani masanin fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa fuska ɗaya da ba ta sauya ba, idan aka biyo ta da hoton abinci sai a ce yunwa take ji, idan aka biyo ta da hoton gawa sai a ce baƙin ciki ne. A fim ɗin ɗan moton, an nuna fuskarsa, aka yanka zuwa takardar magani a kan tabarma, aka dawo kan wayar. Babu wanda ya ce uffan, amma kowa ya san abin da yake saƙawa. Wannan shi ne wuri mafi kyau a fim ɗin, kuma 'yar yayana ko ambatonsa ba ta yi ba a sharhinta na farko. Riƙe wannan darasin, zai dawo idan muka zo kan labaran talabijin.

Kallo na uku: rufe kunne, sannan rufe ido

Kashe sauti ka kalli fim ɗin. Shin ka gane labarin? Idan ba ka gane komai ba sai an yi magana, to wasan rediyo ne aka ɗora wa hoto. Sannan ka mayar da sauti, ka kife wayar, ka saurara kawai.

A sauti ne finafinanmu suka fi faɗuwa, kuma a nan ne masu sharhi suka fi yin shiru. Saurari ko ana jin magana ba wahala, ko iska tana bugun makirfo, ko ƙarar janareta tana shigowa a wata ɗauka ta ɓace a ta gaba alhali wuri ɗaya ne. Saurari ko garin yana da murya: babura, kiran salla daga nesa, mai tallar ruwa, kukan kurciya. Titin Yelwa da aka nuna shiru kamar maƙabarta ƙarya ce da kunne ke kamawa kafin ido. Kiɗa kuma ka rubuta mintin da ya shigo da mintin da ya fita, ka tambayi kanka ko ya ƙara wani abu ne ko kuwa umarni yake ba ka cewa yanzu lokacin kuka ya yi.

Maganar harshe

Nan zan daɗe, domin nan ne ɗalibin arewacin Kamaru ko Cadi ya fi ɗan Kano ko ɗan Paris abin faɗi. Mu ba mu rayuwa da harshe ɗaya. Mutum ɗaya zai yi Hausa da mahaifiyarsa da safe, ya yi ciniki da Fulatanci a kasuwa, ya yi Faransanci da jami'in da ya tare shi a hanya, idan a Kusiri ko Njamena ne ya ƙara da Larabcin Shuwa. Kowane sauyin harshe yana ɗauke da matsayi, ko kusanci, ko tsoro. Saboda haka ƙara gida na huɗu a jadawalinka: wa ya yi magana da wane harshe, da wa, a minti na nawa.

Da muka yi haka ga fim ɗin ɗan moton, sai muka ga abin da ba mu lura da shi ba a kallo biyu. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara ya ɗauka, da Faransanci yake amsawa, yana ƙarya. A kira na ƙarshe da ya yanke shawarar mayar da ita, sai ya amsa da sallama, ya ci gaba da Hausa. Ko masu fim ɗin sun shirya haka ko bakin jarumin ne ya kai shi, abin yana nan a allo, kuma ya cancanci sakin layi guda a sharhi.

Lura kuma da irin Hausar. Finafinan Kano sun cika gidajenmu, har ta kai wasu 'yan wasanmu suna ajiye Hausar da suka tashi da ita su ari ta Kano da zarar kyamara ta kunnu. Tsohuwar da aka ce a Marwa aka haife ta, amma babu kalmar Fulatanci ko ɗaya da ta kuɓuce mata a baki, ni ban san irinta ba. Ba cewa nake aron haramun ne ba. Cewa nake ka lura, ka faɗa, ka auna ko ya dace da mutumin da ake nunawa. Haka tufafi da gini da abinci. Da ɗan gari akan ci gari, kuma kai ɗan gari ne, ka san yadda ake gaisuwa a zauren lamiɗo da yadda ba a yi.

Idan akwai fassara a ƙasan allo, bi ta layi-layi. Sau da yawa karin magana ko habaici yakan koma jimlar Faransanci maras gishiri, wani lokacin ma a tsallake shi ɗungum. Alƙalan bikin finafinai, kamar na Écrans Noirs da Bassek Ba Kobhio ya kafa a Yawunde a 1997, da wannan fassarar yawancinsu za su auna fim ɗin. Nuna wa masu shi inda ta zubar musu da kaya taimako ne babba.

Rubuta sharhin

Kalma 500 zuwa 700 sun ishi gajeren fim. Buɗe da wani abu da ka gani, kamar ɗaukar nan ta takardar magani, ko kuma kai tsaye da hukuncinka. Labarin fim kada ya wuce jimla uku, kuma kada ka tona ƙarshensa. Idan nazarin ya tilasta maka, gargaɗi mai karatu tukuna. Daga cikin duk abin da ka tara, zaɓi abu biyu ko uku da suka fi nauyi ka bi su da hujja. Sauran ka bar su a littafi. Na san da zafi mutum ya yi awa uku yana ƙirge sannan ya yi amfani da rubu'in abin da ya samu, amma haka aikin yake.

Bambanta aibin rashi da aibin sakaci. Ɗalibin da ya ɗauki fim da waya ba za a tuhume shi da rashin kyamarar miliyoyin sefa ba. Amma rigar jarumi da ta sauya launi a tsakiyar fitowa ɗaya, ko agogon bango da ya koma baya, ba kuɗi ne ya jawo ba. Ka kuma duba ƙarshen da kyau. Akwai al'adar kawo wani dattijo ko malami a minti na ƙarshe ya fassara darasin fim da baki. Idan hoto ya riga ya isar da saƙon, faɗi cewa jawabin ya zama maimaici, ka nuna fitowar da ta riga shi.

Garuruwanmu ƙanana ne, mai yiwuwa ka san wanda ya yi fim ɗin, ko ku haɗu a ɗaurin aure ran Asabar. Wannan kada ya sa ka yi ƙarya, kada kuma ya sa ka nuna jarumta da zafin baki. Yi magana a kan aikin, ka bar mutumin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan abokinka ne na kusa, faɗa wa mai karatu tun a farko.

Talabijin

Fim abu ɗaya ne mai farko da ƙarshe. Talabijin kuwa kogi ne, kullum yana gudu, don haka ba a nazarinsa da kallon dare ɗaya. Zaɓi shiri guda ka bi shi aƙalla mako ɗaya, kana naɗa ko kana sauke kowace fitowa.

Kafin komai, san mai gidan. Talabijin ya fara aiki a Kamaru a 1985, aka haɗe shi da rediyon gwamnati a ƙarshen 1987 ya zama CRTV. Dokar sadarwa ta Disambar 1990 ta buɗe ƙofa, amma sai da aka fitar da dokar zartarwa a Afrilun 2000 kafin tashoshi masu zaman kansu suka samu hanya, irin su Canal 2 International da Equinoxe da STV. CNC, wato hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, ita ke sa ido a kansu, kuma tun 2012 tana da ikon ladabtarwa. Rubuta wa ke da tashar, a wane gari take, daga ina take samun kuɗi. Ba don ka yanke hukunci tun kafin kallo ba, sai don ka san tambayoyin da za ka yi.

Labaran dare su ne wurin koyo mafi sauƙi. A CRTV ana karanta na Ingilishi da ƙarfe 7 da rabi, na Faransanci da ƙarfe 8 da rabi. Buɗe agogon ƙirga sakan na wayarka, ka yi wa kowane rahoto layi ɗaya: na nawa ne a jeri, sakan nawa ya ci, a wane gari abin ya faru, su wa aka ji muryarsu, mene ne muƙaminsu, mace ko namiji, da wane harshe. Ware wanda aka bari ya yi magana da bakinsa daga wanda aka nuna fuskarsa kawai wakili yana magana a madadinsa. Wannan rabuwar tana da nauyi ƙwarai. A rahoton ambaliya, misali, ƙirga sakan nawa jami'i ya samu, sakan nawa matar da ruwa ya ci gidanta ta samu, kuma ko an fassara abin da ta faɗa ko an rufe muryarta.

Bayan kwana bakwai ka tara. Rahoto nawa ne duka, nawa ne suka shafi jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma a kan me: tsaro, ambaliya, auduga, makaranta, biki? Sannan ka yi wa wata tasha mai zaman kanta irin wannan ƙirgen a ranakun nan dai. Abin da wata ta sa a kanu wata ta kai shi ƙarshe, ko ta bar shi gaba ɗaya, shi ne naman nazarinka. Ko ka kwatanta na Ingilishi da na Faransanci a tasha ɗaya a dare ɗaya.

Yanzu dawo da darasin Kuleshov. Kashe sauti ka kalli rahoto, ka rubuta abin da hoto kaɗai ya nuna; kunna ka ji abin da aka ce ya nuna. Lura ko hoton na ranar ne ko tsoho ne aka ciro daga ajiya, kuma ko an rubuta hakan a allo. Idan ana maganar Marwa amma ciyawa kore shar a watan Maris, ka san hoton ba na lokacin ba ne. Wanda ke son gwaji mai daɗi ya nemo hotunan da aka watsa lokacin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, sa'ad da rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau ya buga a filin Rumde Ajiya da ke nan Garwa. Jera wuraren Garwa da kyamara ta zaɓa ta nuna wa duniya, ka jera waɗanda kai ka sani ba a nuna ba.

A shirin muhawara, auna mintin kowane baƙo, ƙirga sau nawa mai gabatarwa ya katse kowa, wa aka ba maganar ƙarshe, wa kyamara ke nunawa sa'ad da wani ke magana. A wasan kwaikwayo mai dogon zango, irin waɗanda Arewa24 ke watsawa tun bayan buɗe ta a 2014, duba inda ake yanke kowane kashi don a ja ka zuwa na gaba, da inda talla ke shigowa. Tallar ma rubuta ta, domin ita ke gaya maka wa tashar take zaton yana kallo.

Ka fita daga ɗaki ko sau ɗaya. Je gidan kallo, ko ka zauna a falon gida inda mata da yara suke, ka nemi izini, ka lura da inda ake dariya, inda ake tsaki, inda ake sauya tasha, da wanda ke fassara wa wasu. Kada ka rubuta sunan kowa.

Wajen rubutawa, tsaya a iyakar abin da ka ƙirga. Ka ce "a kwana bakwai da na bi, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, rahoto kaza cikin kaza", kada ka ce "tashar nan kullum". Kada ka jingina wa ɗan jarida niyyar da ba ka da shaidarta. Faɗi abin da ya fito a allo, ka haɗa jadawalinka a ƙarshen aikin don malami ya iya bin sawu.

Kafin ka miƙa, karanta rubutun da ƙarfi. Ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar hukunci, irin su "ya yi kyau", "ya gaza", "ya burge", ka duba ko akwai minti ko lamba a kusa da ita. Idan babu, nemo ko ka goge. Sake gwada sunaye da jerin ƙarshen fim. Bayan ka wallafa, aika wa wanda ya yi fim ɗin kwafi. Idan ya ce ka yi kuskure a minti kaza, koma ka duba, idan shi ke da gaskiya ka gyara a fili, ka rubuta ranar da ka gyara.